Ƙadangare a Kafaɗar Dama

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Ma'aiki.

Daga mahaifinka Audu mai tabarma, a Misfala ta Makka, zuwa ga ɗana Abba, a masaukin Takari na bayan ganuwar Jidda. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya kuma sa ta same ka kafin Alhamis. Innarka tana gaishe ka. Ƙanenka Bala ne ke riƙe da alƙalami, ina faɗa yana rubutawa, tunda ka san halin da hannuna yake ciki. Yaro ne mai hankali, duk Misfala babu kamarsa, ko da yake ku mutanen gidan nan ba ku gane ba tukuna.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Gida yana nan yadda ka bar shi. Ka nemi inuwa ka zauna, ka karanta kai kaɗai, kada ka bari wani ya leƙa.

Direban da ya kai ka Jidda ya dawo, ya kuma faɗa mana abin da ya gani. Ya ce ka yi magana da mutumin nan da ke yi wa ma'aikatan jirgin ruwa washam, wato zanen allura a fata, kun sa ranar Alhamis bayan la'asar, domin sambuk ɗinku, jirgin ruwan da za ka hau, zai tashi zuwa Sawakin ranar Asabar. Ya ce ya ga alluran, guda bakwai a ɗaure da zare, da baƙin fitila a cikin fanjalin gahawa. Ya ce har ka aske gashin hannunka na dama, kuma takardar da aka rubuta sunanka tana cikin hularka, ita za a ɗora a kan fata a bi da allura. Na san dalilinka. Ka ji labarin Tanko, Batakarin da aka ce ya faɗa teku, ruwa ya kai gawarsa Musawwa, ba wanda ya san shi, Nasara suka binne shi a maƙabartarsu babu wanka babu salla. Tun ranar da ka ji labarin nan ka ce kai ba za ka hau ruwa ba sai da sunanka da addininka a rubuce a jikinka.

Ranar da ka zo mini da maganar, ina zaune ina saƙa, na jefe ka da damin kaba na ce ka fita mini daga gida. Ka fita. Ba ka yi mini sallama ba, ni ma ban kira ka ba. Abin da ya kamata in faɗa maka a ranar, shi ne zan faɗa yanzu.

Tabon nan na kafaɗata ta dama, wanda na ce muku raƙumi ne ya cije ni a hanyar Fashir. Ƙarya na yi muku. Babu raƙumin da ya taɓa cizona.

Ina saurayi, ko gemu bai fito mini ba, muka taso daga ƙasar Kano ni da kakanka, a ƙasa, kamar yadda kowa ke tahowa a lokacin. Damina ta tsare mu a Abeshe, muka zauna muna noma a gonakin mutane don mu sami guzurin gaba. A zangon Hausawa akwai wani wanzami da ke zama gindin katanga ranar kasuwa. 'Yan mata sukan zo ya yi musu shasshawa a kumatu da wuya, ya tsaga da aska, ya goga baƙin tukunya. Mu samari sai mu tsaya muna kallo, wai mun zo aski. Akwai wani abokina, Na'Allah, mai baki kamar reza. Ya dube ni a gaban 'yan matan ya ce, "Ku bar ganin Audu da ƙirji. Wannan ko ƙaho aka kafa masa sai ya kira uwarsa daga Kano."

Suka yi dariya. Ni kuwa na tuɓe riga na tsuguna gaban wanzami.

Ya ce, "Samari, me za a yi maka?"

Ban shirya komai ba. Na ɗaga ido na ga ƙadangare a kan katanga yana gyaɗa kai. Na ce, "Wancan."

Ya ce, "Babanka ya sani?"

Na ce, "Kafaɗar tasa ce?"

Abba, ka ji abin da bakina ya faɗa. Wanzamin ya girme ni, ya ba ni ƙofar fita, na ƙi bi. Ya zana mini ƙadangare tun daga kan kafaɗa har damtse, da ƙafafunsa huɗu da jelarsa. Ban yi ko tari ba. Wata yarinya ta rangaɗa guɗa. Duk daɗin bai wuce lokacin da mutum zai sha fura ya ajiye ludayi ba. Na'Allah ya rabu da mu a Junaina, ban sake jin ɗuriyarsa ba. 'Yan matan nan ko fuskar ɗaya ba zan iya tunawa ba. Ƙadangaren kuwa ya biyo ni. Don haka ka dubi waɗanda ke zuga ka a masaukin nan, masu cewa kowane ɗan jirgi yana da shi. Bayan shekara biyu ba za ka san inda suke ba. Idan kuma mai allurar ya tambaye ka ko babanka ya sani, ka tsaya ka ji tambayar.

Shekara biyu na ɓoye wa kakanka. Ko rijiya muka je ba na tuɓe riga a gabansa. A Ubayyid, rana tana dafa mutum, muna ɗaukar buhunan ƙaro, kowa ya tuɓe sai ni. Ya ce, "Audu, kai ba ka jin zafi ne?" Na ce sanyi nake ji. Ya je ya nemo mini saiwa ya jiƙa, wai zazzaɓi ne ke damuna. Na shanye, yana tsaye yana yi mini sannu. Ban taɓa tunanin inda za mu ba. Kullum bakina yana cewa Makka, Makka, amma ko sau ɗaya ban tuna cewa a Makka ana tuɓe riga ba.

Sai da muka hau ruwa daga Sawakin, aka yi shela kowa ya ɗaura harami, sannan na tuna da ƙadangaren. Na lulluɓe kafaɗun nan biyu na riƙe bakin mayafin da haƙori. Haka na sauka Jidda, haka na biyo raƙuma har Makka. Na ɗauka na tsira, domin malamanmu na gida ba su matsa a kan buɗe kafaɗa a ɗawafi ba. Amma yaron muɗawwafin, jagoran ɗawafi, da ya ja mu bai san wannan ba. Muna isa gaban Ɗaki, yana bin mu ɗaya bayan ɗaya yana gyara mana mayafi. Ya zo kaina ya ce, "Ya hajji, buɗe, buɗe," ya fizge mayafin ya cusa shi ƙarƙashin hammatata.

Ga Ka'aba a gabana, ranar da na fara ganinta a duniya. Ga ƙadangare baƙi ƙirin a kafaɗata. Ga kakanka a gefena.

Ya duba. Sai ya ɗaga tafin hannunsa ya ɗora a kan wurin, ya rufe shi. Haka muka kewaya sau bakwai, hannunsa bai ɗaga ba. Mutane suna ba mu hanya, sun ɗauka tsoho ne ya gaji ya dafa ɗansa. Addu'ar da ake faɗa muna maimaitawa, ko kalma ɗaya ban ji ba. Shekara huɗu na yi a hanya don in ga Ɗakin nan, da na zo ban iya ɗaga kai na dube shi ba. Da muka gama muka je Zamzam, ya miƙo mini kwano ya ce, "Sha." Iyakar abin da ya ce ke nan. Har Allah ya karɓi ransa a shekarar da ta biyo, bai taɓa tayar da zancen ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kai ɗan Makka ne, a nan aka yanke cibiyarka. Duk sanda ka dawo daga teku da harami za ka shigo garinku, hannu a waje. Sau biyar a yini za ka naɗe hannun riga a bakin kwatami cikin mutane. Ka kuma san masu sandar nan da ke kora mutane salla, ka san yadda suke kallon Batakari ko bai yi komai ba, balle sun ga rubutu a fatarsa. Sannan ka tuna sunan wa za a huda. Ban taɓa kiranka da sunanka na yanka ba, Abba nake ce maka, domin sunan kakanka ka ci. Sunan mutumin da ya rufe mini kafaɗa da hannunsa, shi za ka miƙa a bi da allura da baƙin fitila?

Saura wautar da ta fi ta farko. Bayan mun kai kakanka maƙabartar Ma'ala mun dawo, na ji ba zan iya kwana da abin nan a jikina ba. Lokacin ni sagga ne, ina ɗaukar ruwa daga bazan, maɗebar ruwan unguwa, garwa biyu a jikin sanda, ina hawa da su benayen Shamiyya har hawa huɗu ban tsaya ba. Ban yi shawara da kowa ba. Da rana tsaka na je wurin wani maƙeri na ce ya ara mini wuta. Na sa faffaɗar wuƙa a ciki har ta yi ja, na cusa tsumma a baki, na ɗora ta a kan ƙadangaren. Sau uku, don sau ɗaya bai rufe jelar ba. Maƙerin ya jefar da guduma ya riƙe ni yana cewa, "Majnun! Majnun!" Ƙaurin naman nan har yau in ana babbaka kan rago a layya sai in bar wurin.

Ciwon ya ruɓe. Wata huɗu ina kwance a bukkar wani Bazazzagi, ana matse mugunya, ƙuda na bina. Da ya warke sai jijiyar ta ƙage. Sandar ruwa a kan kafaɗar nan take zama, shi ke nan aikin sagga ya ƙare. Abin da ya zaunar da ni gaban kaba ke nan, ba gado na yi ba. Ka sha ganin yadda nake kabbara, hannun hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a ƙirji.

Da na miƙe na je wurin wani malami Bafutatore da ke karantarwa a Harami, na ba shi labari, ina jiran ya yaba mini. Ya ce, "Wa ya aike ka? Abin da ka yi cikin ƙuruciya tuba ya ishe shi. Ka je ka lalata hannun da Allah ya ba ka amana, ba ka tambayi kowa ba, alhali malamai sun fi tattabarun Harami yawa a garin nan." Na fito ina kuka kamar yaro.

To ka tambaya, Abba. Akwai malamai a Jidda. Kafin Alhamis ka sami ɗaya, ka faɗa masa tsoronka yadda yake, kada ka yi masa kwana-kwana. Ka kuma ji wannan da kyau, don ya fi duk abin da na faɗa: idan takardar nan ta makara, ta same ka an riga an yi, kada ka sa wuta. Kada ka sa wuƙa, kada ka sa ruwan batir da direbobi ke cewa yana cinye zane. Ka dawo mini da hannun yadda yake. Na fi son ɗa mai zane da ɗa mai mataccen hannu.

Na san kai ba don burga za ka yi ba, tsoro ne. Tsoron mutuwa inda ba a san ka ba, wanda duk wanda ya baro gida ya san shi. Mun binne mutane a hanya da ba mu san sunansu ba, mun yi musu salla, mun wuce. Wanda ya halicce su bai ɓace musu ba. Mala'ikun kabari ba sa duba damtse kafin su yi tambaya. In kuwa teku ta ci mutum, kifi bai yi makarantar allo ba. Idan zuciyarka ba za ta kwanta ba sai da suna, akwai masu sassaƙa hatimi a bakin Babus Salam, a Jidda ma akwai su a kasuwa. A yi maka zoben azurfa da sunanka, ka sa a yatsa. Ka faɗa wa nahuda, shugaban jirgin, sunan ubanka da unguwarku a gaban shaidu biyu. Wannan ya isa.

In ka hau ruwa, kada ka yi gardama da nahuda a gaban mutanensa. Kada ka yi wanka a gefen jirgi don wani ya ce ba ka iya iyo ba; ba ka iya ɗin ba. Ka riƙe salla ko a zaune. Rigarka mai ratsin nan da ka bari a kan igiya, gishirin teku ɓata ta zai yi, ka aiko da izini a ba Bala, ya daɗe yana haƙuri da tsumma.

Abu na ƙarshe. Na ga laifin shirun kakanka, sai ga shi na yi maka wanda ya fi shi. Shi ya rufe ni da hannunsa, ni na jefe ka da kaba. Ba kai na jefa ba, wancan saurayin na Abeshe na gani tsaye a gabana. Ka yafe mini.

Allah ya tsare ka a tudu, ya tsare ka a ruwa. Ya kare ka daga iska mai juya jirgi da abokin da ke juya hankali. Ya dawo mana da kai da ƙafafunka, da jikinka yadda uwarka ta haife shi. Amin. Wassalam.

Yaya.

Na naɗe takardar nan har na ɗaure ta da zare, na sake kwancewa. Ba zan iya aika ta a haka ba.

Ba Baba ne ya faɗa ba. Ni ne, Bala. Baba bai san na rubuta ba. Yana can ƙofar gida, ni ina bayan makarantar Malam da tawadar da na ce zan rubuta allo da ita. Na san da ka ga sunana a sama za ka ce wani sabon iskancin ne, ka kunna shisha da takardar. Ni na sa maka barkono a kwalli, ni na aike ka Jarwal da rana tsaka wai ana nemanka. Ban bar wa kaina bakin da za ka yarda da shi ba, shi ya sa na ari na Baba.

Amma wallahi ƙadangaren gaskiya ne. Ni nake shafa masa mai a kafaɗar, kuma can ƙasan tabon akwai ɗan baƙin layi da wutar ba ta ci ba, ƙarshen jelar. Na tsare Inna tana tankaɗe na ce sai ta faɗa mini. Ta ce, "Kai dai ba ka da ta ido." Sannan ta ba ni labarin duka, da na wanzamin, da na hannun Kaka, da na maƙerin, ta ce in ya fita daga bakina ba ita ba ni. Ga shi ya fita. Abin da na ƙara daga kaina kaɗan ne. Maganar riga tawa ce. Ban haƙurin nan ma nawa ne, Baba bai ce ka yafe masa ba, ka san shi. Abin da na gani da idona shi ne tabarmar da yake saƙawa ranar da ka tafi tana nan inda ta tsaya, ko kaba ɗaya bai ƙara ba. Da direban ya gama ba da labarin alluran, Baba ya tashi ya shige ɗaki.

Saura wanda ya fi nauyi. Yaya, babu wani Tanko. Ba wanda ya faɗa teku, ba wanda Nasara suka binne a Musawwa. Ni na ƙirƙira, muna cin ful da safe. Sunan ma daga bakin mai ƙosan ƙofar gidanmu na ɗauka, tana kiran ɗanta. Na ɗauka in na tsorata ka za ka fasa tafiya ka zauna. Ba na son ka tafi, shi ke nan dalilin. Da ka zo ka ce in rubuta maka sunanka da kyakkyawan hannu a takarda, na ɗauka laya za ka yi, har na yi maka ado a gefe. Sai da Baba ya jefe ka da kaba na gane abin da na haɗa, kuma na tsaya a bakin ƙofa ina kallo ban buɗe baki ba, don tsoron duka.

Yanzu ba na tsoronsa. Motar Jidda tana isowa Jarwal ranar Laraba kafin azahar, jirginku kuwa sai Asabar. Zan tsaya a inda take sauke mutane, ba zan gudu ba. Ka yaga takardar da ke cikin hularka ka zo ka dake ni da hannun nan, tun ba a taɓa shi ba. In ka gama, mu tafi gida tare, ka shiga gaba, don ni ban san yadda zan dubi Baba ba.

Ƙanenka Bala ne ya rubuta, shi kaɗai, Allah ya shirye shi.